Ku Tambaya Mu Amsa: Ko littattafan wasan labari na kan tebur za su ciyar da mai shago a Zariya?

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru a kan abu ɗaya, wato wasan nan da mutum huɗu ko biyar ke zama a tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya ya zama jagora yana warware labari, a riƙa jefa 'ya'yan lido don sanin ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Masu shaguna ne suka fi rubuto mana, don haka da su za mu fara.

Ina da shagon littattafai da kayan rubutu a Samaru, kusa da jami'a. Ɗalibai sun fara tambayata littattafan Dungeons & Dragons. In saro katan guda in gwada?
*Daga wani mai shago, Samaru*

Malam, kada ka saro katan. Bari mu yi lissafin tare, don lissafin ne zai hana ka.

Manyan littattafan wasan guda uku ne: na 'yan wasa, na jagora, da na dodanni. Kowane ɗaya kusan dala 50 ne a farashin da kamfani ya buga. Mu ɗauka dala tana kan naira 1,500, ka gyara da farashin ranar da kake karanta wannan. Littafi ɗaya ya zama naira 75,000 tun bai bar Amurka ba. Bangonsa mai tauri ne, takardarsa mai sheƙi, na 'yan wasa na bugun 2024 shafi 384 ne, nauyinsa ya haura kilo ɗaya. Mu ɗauka kuɗin jirgi da na ejan sun ci naira 20,000 a kan kowane littafi. Ya iso Samaru a kan 95,000. In ka ɗora ribar kashi 15 cikin 100, ka doshi 110,000. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki da na hannun-aut ba zai ɗauki wannan littafi ba, komai son da yake masa.

Shagunan Amurka da Turai suna samun ragin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 daga manyan diloli. Ko da ka dace ka samu ragin 40, littafin ya tsaya maka a dala 30, wato 45,000, da kuɗin dako ya zama 65,000. To amma dila ba ya buɗe wa mutum asusun sari sai ya ga rajistar kasuwanci da shaidar shago, kuma yana da mafi ƙarancin odar da yake karɓa. Za ka zuba jari mai nauyi kafin ka san ko mutum biyar ne masu saye ko hamsin.

Ga kuma abin da ya bambanta wannan haja da littafin darasi. Littafin darasi kowane ɗalibi na son nasa. A nan kuwa littafi ɗaya ya ishi tebur guda. Jagora ne ke saye, sauran huɗun su leƙa nasa, kuma za su yi shekara biyu ko uku suna wasa da shi ba su dawo shagonka ba. Saboda haka in ɗalibai goma suka tambaye ka, ƙidaya su a matsayin masu saye biyu.

Abin da ya dace da kai shi ne oda bisa buƙata. Buɗe littafin rajista, mai so ya rubuta sunan littafin da bugun da yake nufi, ya ba da kafin alƙalami na aƙalla kashi 70 cikin 100, ka rubuta masa a rasit cewa cikon kuɗin zai bi farashin dala na ranar da kaya suka iso. Wannan sharaɗi na ƙarshe kada ka yi wasa da shi. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san ribar wata uku tana iya narkewa kafin kaya su sauka. Ka tara oda biyar ko shida ka aika a tare, kuɗin dako ya ragu.

Abin da za ka iya ajiyewa a kanta ba fargaba shi ne ƙananan kaya. Saitin 'ya'yan lido guda bakwai ne: mai fuska 4, 6, 8, 10, wani mai 10 na ƙidayar ɗari, 12 da 20. Ba su da nauyi, ba sa tsufa, daga Sin ake sarinsu da araha, kuma kowane ɗan wasa yana son nasa ko da littafin aro yake amfani da shi. Haɗa da fensir, takarda mai gida-gida ta zanen taswira, da alƙalamin da ake gogewa. Da yawan waɗannan ma suna shagonka tuni.

Na karanta cewa shagunan wasanni a ƙasashen waje suna kuka da kamfanonin da ke buga waɗannan littattafai. Ba su ne abokan cinikinsu ba? Mene ne matsin?
*Daga wata malamar koyar da kasuwanci, Kongo*

Malama, abokan ciniki ne, amma yanzu mai bugawa ya zama kishiyar mai shago a kan mai saye ɗaya.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, masu asalin wasan, a 1997, sannan Hasbro ya sayi Wizards a 1999. A 2022 Hasbro ya biya dala miliyan 146.3 ya mallaki D&D Beyond, dandalin intanet da ake sayen littattafan a karanta su a waya ko kwamfuta, a kuma ƙirƙiri jarumi a ciki. Daga nan kamfani ya samu shagonsa na kansa da ke buɗe dare da rana. Yana sayar da littafin takarda haɗe da na waya a dunƙule, abin da mai shago ba shi da ikon yi. Duk kwafin da aka saya ta can, kason dila da na mai shago ya zauna a aljihun kamfani.

Na biyu shi ne manyan 'yan kasuwar intanet irin su Amazon, waɗanda sau da yawa suke sayar da littafin a farashin da bai fi wanda ƙaramin shago ya saro shi da yawa ba. Mutum zai shiga shago ya duba littafi, ya sha bayani na rabin awa daga mai shago, ya koma gida ya yi oda a waya. Masu shagunan can sun daɗe suna wannan kuka, kuma suna da gaskiya, domin su ne ke koya wa sababbi wasan kyauta.

Na uku, sauya bugu. Bugu na biyar ya fito a 2014, aka sabunta shi a 2024. Ranar da aka sanar da sabo, tsohon da ke kan kanta ya fara kwantai, kuma a wannan sana'a dila ba ya karɓar kayan da ba su saidu ba yadda ake yi a kasuwar littattafan karatu ta can. Asarar ta mai shago ce shi kaɗai.

Ƙananan kamfanoni kuma sun koma tara kuɗi daga masu saye ta dandalin intanet na Kickstarter. Wasan Avatar Legends ya tara fiye da dala miliyan 9 a 2021 ta wannan hanya. Masu tsananin son wasan sun biya tun kafin a buga, sun karɓi nasu a gida. Lokacin da littafin zai iso shago, waɗanda suka fi ɗokinsa sun riga sun mallaka.

Hanyar sarin ma ta girgiza. A Janairun 2025 Diamond Comic Distributors, wadda a lokacin ita ce uwar kamfanin Alliance mai raba wa shagunan wasanni kaya a Amurka, ta shigar da takardar karyewar jari a kotu, ƙananan masu bugawa da dama suka shiga zullumin kayansu da ke rumbunta.

Adalci ne a faɗi cewa kamfanonin ba su yar da shaguna gaba ɗaya ba. Wizards na buga bango na musamman da shagunan wasa kaɗai ke samu, kuma littafin 'yan wasa na 2024 ya isa irin waɗannan shaguna a Amurka ranar 3 ga Satumba, mako biyu kafin sauran kasuwa. Akwai tsarin Bits and Mortar, inda wasu ƙananan masu bugawa ke ba wanda ya sayi littafi a shago kwafin waya kyauta, akwai kuma Free RPG Day, ranar rabon kayan wasan labari kyauta, da aka fara a 2007 don jawo mutane shaguna. A ganinmu waɗannan suna rage zafi ne kawai. Shagunan da suka tsaya da ƙafarsu a can, katin Magic: The Gathering da Pokémon da kuɗin zaman tebur ne ke biyan hayarsu, littafin wasan labari yana gefe.

Kwastan na karɓar haraji a kan waɗannan kaya?
*Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari*

Alhaji, littafi bugagge yana ƙarƙashin lamba 4901 a jadawalin kwastan, ba a ɗora masa harajin shigowa, kuma dokar VAT ta daɗe da ware littattafai. 'Ya'yan lido da wasan da ke cikin kwali suna ƙarƙashin 9504, su ana biya. Inda ake samun matsala shi ne kwalin masu fara koyo, mai ɗauke da ɗan littafi da taswira da 'ya'yan lido a haɗe, domin jami'i zai iya kallonsa a matsayin kayan wasa. Ka sa mai aiko maka ya raba takardar kaya gida biyu, littattafai daban, kayan wasa daban, kowanne da farashinsa na gaskiya. In aka cakuɗa su a layi ɗaya, kana ba da ƙofar a yi wa duka kuɗin kayan wasa.

Ina da injin fotokwafi da na ɗinkin littafi. Yara na kawo mini waɗannan littattafai a filashi in buga musu. Akwai laifi? In akwai, me zan iya bugawa?
*Daga wani mai shagon buga takardu, Samaru*

Ɗan'uwa, akwai laifi in ka buga littafin kamfani sukutum ka sayar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana da ikon kama kaya. Ban da doka ma, haƙƙin wani ne.

Sai dai a wannan fanni akwai wata ƙofa ta halak mai faɗi, kuma mun fi son ka san ta fiye da komai a shafin nan. A Janairun 2023 labari ya fita cewa Wizards na shirin soke tsohon lasisin da tun shekarar 2000 ya ba wa kowa damar buga kayan da suka dace da wasan. 'Yan wasa da ƙananan kamfanoni suka tayar da ƙura, mutane suka riƙa janye rajistarsu ta D&D Beyond, har Paizo, masu buga wani wasan labari mai suna Pathfinder, suka ce kayan da suka tanada na wata takwas sun ƙare cikin mako biyu. Kamfanin ya ja da baya, ya saki kundin ƙa'idojin wasan mai suna SRD 5.1 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons. A 2025 ya ƙara sakin 5.2 mai ɗauke da sababbin ƙa'idoji. Wannan lasisi ba a janye shi. Ya ba ka dama ka buga, ka taƙaita, ka fassara, ka sayar, muddin ka rubuta layin da ke nuna asalin mai shi kamar yadda aka tsara a shafin farko na kundin.

Abin da ba ya ciki shi ne zane-zanen littattafan, tambarin wasan, da wasu dodanni da sunayen wurare da kamfani ya keɓe wa kansa. Kada ka ɗauko hoton bango daga intanet ka manna. Nemi ɗalibin sashen zane na jami'a ya zana maka naka, ka biya shi.

Kundin ya haura shafi 300, kada ka buga shi duka. Ciro abin da sabon ɗan wasa ke buƙata: yadda ake ƙirƙirar jarumi, yadda ake gwada sa'a da ɗan lido mai fuska 20, ƙa'idar faɗa, kayan aiki, da matakai uku na farko. Shafi 40 zuwa 60 ya wadatar. Buga shi a rabin takardar A4, gaba da baya, baƙi da fari, bango na kati mai laminatin, a ɗinke da waya a tsakiya. In shafukan sun haura 60, ɗinkin tsakiya yana buɗe baki, sai ka koma ɗinkin zobe, wanda ma ya fi daɗi a tebur tun da yana kwanciya a buɗe. Takardar jarumi kuwa, shafi ɗaya ce da kowane ɗan wasa ke cikewa da fensir, ana gogewa har ta huje, don haka buga ta a takarda mai ɗan kauri ka sayar ɗai-ɗai.

Wanda zai zauna ya mayar da wannan kundi Hausa mai kyau, ya gina labari a kan ganuwar Zazzau da ƙofofinta, da fataken da ke bin hanyar Gwanja, da zamanin Sarauniya Amina, zai samu hajar da Amazon ba ta da ita. Garin da ya ga Gaskiya Ta Fi Kwabo da kamfanin buga littattafai na NNPC ba baƙo ba ne wajen buga Hausa. Kuma an riga an ga ɗan Najeriya ya yi suna a wannan fage: NIBCARD Games na Abuja, masu shirya taron wasannin tebur na ABCon, sun karɓi lambar yabo ta Diana Jones a 2021.

Ɗana ya shigo da wasu 'ya'yan lido masu fuskoki da yawa, kuma na ji suna maganar matsafa da dodanni. Wannan ba caca ba ce? Hankalina bai kwanta ba.
*Daga wata uwa, Tudun Wada*

Hajiya, damuwarki a wurinta take. A tsarin wasan babu sa kuɗi, babu wanda ke cin wani, duk 'yan tebur ɓangare ɗaya suke. Amma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani mai tsanani a kan wasan nardi, kuma malamai sun yi magana a kan ko hanin ya shafi duk wasan da ake jefa ɗan lido. Wannan hukunci na malamai ne, ki kai wa malamin da kika amince da shi, ki bayyana masa yadda wasan yake dalla-dalla. Ki kuma nemi ɗanki ya yi zama ɗaya a falo kina ji.

Ga masu shago, wannan tambaya za ta zo muku, ku shirya mata da gaskiya. Akwai wasannin da ba a jefa komai a cikinsu, akwai masu labarin binciken laifi ko tafiya sararin samaniya da babu tsafi ko kaɗan, kuma jagora yana da ikon cire duk abin da bai dace da tarbiyyar gidan da yaran suka fito ba. Kada ku yarda a sa ko naira ɗaya a kan sakamakon jifa a shagonku, kuma a tashi in an kira salla.

Ina da ɗan wurin shan lemo da cin abinci, akwai tebura da ba kowa a kansu da yamma. Yaya zan yi in mayar da su na wannan wasa?
*Daga wata mai gidan abinci, PZ*

'Yar'uwa, ke ce kika fi kowa kusa da riba a cikin masu rubuto mana, domin abin da kamfani ba zai iya aikowa ta intanet ba shi ne tebur da kujera da jagora.

Fara da jagora kafin littafi. Nemi mutum ɗaya da ya iya wasan, mai haƙuri da sababbi, mai zuwa a kan lokaci. Tebur ɗaya mutum biyar da jagora. In suka kai bakwai, kowa zai daɗe yana jiran a zo kansa, sai a koma latsa waya. Zama ɗaya awa uku ne zuwa huɗu, don haka tsakanin la'asar da isha za a ratsa da sallar magariba, ki sa hutun a nan.

Mu ɗauka kowa ya biya naira 1,000 kuɗin kujera. Zama ɗaya 5,000, jagora ya ɗauki 1,500, saura 3,500. Zama uku a mako ya ba ki 10,500. Littafin da ya iso a kan 95,000 zai mayar da kuɗinsa a cikin mako tara zuwa goma, ban da cinikin lemo da abinci, kuma littafin yana nan a hannunki. In kin fara da ƙa'idojin kyauta da muka ambata a sama, ko na Pathfinder da ke buɗe ga kowa a shafin Archives of Nethys, jarinki bai wuce na 'ya'yan lido da bugun takardu ba. Paizo na kuma buga ƙananan kwafi masu bango mai laushi a wajen rabin farashin manyan, sun fi sauƙin dako.

Abubuwan da ke kashe irin wannan shiri sanannu ne. Na farko dogon labari: an fara da mutum biyar, mako na uku biyu suna jarrabawa, labari ya tsaya. Wata biyun farko ki tsaya a kan labarin da ke ƙarewa a zama ɗaya, da jarumai da aka riga aka cike takardunsu, sabon zuwa ya zauna ya fara cikin minti goma. Na biyu dogaro da jagora ɗaya. Ranar da ya kammala karatu ya tafi hidimar ƙasa, tebur ya mutu. Tun wata na farko ki sa ya riƙa koya wa mutum biyu, ki yafe musu kuɗin kujera. Na uku kalandar makaranta. Kasuwar da ta jingina da ɗalibai tana mutuwa lokacin hutu, kuma 'yan kasuwar Samaru ba su manta yajin aikin ASUU na 2022 ba, daga Fabrairu har Oktoba. Ki nemi ma'aikata da 'yan gari su zama rabin masu zuwa, ki ware yammacin Asabar ga 'yan sakandare da izinin iyayensu, ki kuma ware tebur na mata zalla da jagora mace, don akwai masu so da ba za su zauna a cakuɗe ba.

Littafin shago kada ya bar shago. Ki sa masa rigar leda, ki rubuta sunan wurinki a gefen shafuka, abinci mai mai kuma a ci shi a wani tebur. Da hunturu bango mai tauri yana lanƙwashewa saboda bushewar iska, ki kwantar da shi ki ɗora masa nauyi da dare. Da damina ki ɗaga shi daga ƙasa da jikin bango saboda laima da gara.

An yi mini tayin littattafan bugun 2014 da araha. In karɓa?
*Daga wani ɗalibi mai ƙaramar sana'a, Palladan*

Ƙanena, karɓa in ragin ya kai rabi kuma kana da mai saye a hannu ko teburin da za a yi amfani da su. Wasan bai lalace ba, mutane da yawa har yanzu shi suke yi, kuma littattafan labaran da aka buga masa suna aiki da sababbin ƙa'idoji da ɗan gyara. Ka dai faɗa wa mai saye bugun da kake ba shi. Kafin ka biya, buɗe littafin a tsakiya ka duba ɗaurinsa, domin wasu kwafin farko-farko na 2014 sun yi fama da sakin shafuka. Ka duba kaifin rubutu da launin hotuna kuma: kwafin jabu yana da dishi-dishi, takardarsa ta fi sirara, kuma sau da yawa bangonsa ba ya daidaita da shafukan ciki.